Kujerar Gaba a Motar Sher Zaman

Yammacin da Ajab Gul ya ciro kujerar gaba daga motar ubansa, yammaci ne irin na kullum a garin Dir. Rana ta faɗa bayan duwatsu, hayaƙin tanderu ya kwanta a kan gidaje, ƙanwarsa Wagma tana jera gurasa a kwando. Uwarsu Bakhtawara na zaune a gadon igiya da kofin koren shayi, ta sa wa aikin ido kamar ita ce bakaniken.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce. Tun rasuwar mijinta Sher Zaman take jibge a gindin bishiyar tsakar gida, tayoyi sun kwanta, kaji na ƙwai a bodinta. Dillalai sun zo sun gaji. Wanda ya kira ta tarkace, da itacen wuta Bakhtawara ta raka shi bakin ƙofa. Sai bana ta ce a tashe ta. Ajab Gul ya sauke inji ya wanke da kananzir, ya kankare tsatsa, ya ƙara wa bodi tsawo. Kafinta ya ɗora rawanin katako a saman kan direba, mai fenti ya zana dawisu a ƙofofi. Babu ƙusa ɗaya da ta shiga motar nan ba tare da mai sayar da ita ya yi nadamar haɗuwa da Bakhtawara ba.

Kujera kaɗai ta rage.

"Inna, wannan fa da sauranta," in ji Ajab Gul. "Amma dubi. Gefen Baba ya lotse, ba mamaki. To gefen ƙofa da ba wanda ya taɓa zama fa, me ya lotsar da shi?"

"Ɓera. Fitar min da ita. Sabuwa na ce, ja, mai laushi."

A ƙasar nan gaban mota na mata ne. Direban da ya san kansa yakan sauke ƙato don tsohuwar da bai sani ba. Amma Sher Zaman bai taɓa barin kowa ya zauna gefensa ba. A baya Bakhtawara ta yi zaman aurenta, tsakanin awaki da buhunan gari. A baya aka kai ta asibiti tana naƙudar Wagma, ƙanƙara na zuba a kanta. Matan unguwa suka sa mata suna Abokiyar Akuya. In ta tambaye shi, sai ya ce akwai dalili, ya ja bargo ya rufe kai.

Ana kiran sallar magariba Ajab Gul ya ɗaga kujerar ya wurga ta bayan katanga, kan juji, ko bisimilla bai yi ba.

Kajin suka yi tsit. Sai tsakuwa ta faɗo a kan kwano. Can wata ta biyo, babba. Ajab Gul ya zagaya da sanda, bai ga kowa ba sai kujerar, zaune daram a kan juji kamar an gyara mata zama, ta fuskanci gidan.

Haka almuru ya koma musu. Da zarar haske ya fara ja, duwatsu za su fara sauka, masu sanyi, jiƙaƙƙu, irin na can saman tsauni. Hon ɗin motar yakan yi kuka, alhali batirinta na ɗaki. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta.

Daga nan Wagma ta fara ɗingishi. Yarinyar da ko tuntuɓe ba ta yi ba, sai ga ta tana jan ƙafar hagu. Wata magariba aka neme ta aka rasa. Bakhtawara ta same ta a cikin mota, zaune a kan tsurar ƙarfe inda kujera take a da, idonta a kan gilas.

"Wagma, fito. Me kike yi nan?"

Yarinyar ba ta juyo ba. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, busasshiya.

"Tuƙa," ta ce.

Washegari Ajab Gul ya ɗauko Mulla Said Akbar daga ƙauyen sama, malami dattijo mai ƙarancin magana. Ya sa aka shimfiɗa tabarma gaban mota, aka zaunar da Wagma a kai, ya jira rana ta faɗi, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Iska ta tsaya. Can Wagma ta saki wani nishi mai nauyi, ƙofar motar ta girgiza.

"Wane ne kai?" in ji Mulla.

"Fasinja."

"Fasinjan wa?"

"Na Sher Zaman. Da magariba ya take min ƙafa a kwanar tsaunin Lowari, yana gudu ba hon ba sallama. Na so in jefa shi rami. Ya roƙa, muka shirya: gaban mota nawa ne."

Mulla ya ce, "Ka ji tsoron Allah ka saki yarinya. Me kake nema?"

"Kujerata. Da wurina har abada. Da baƙin bunsuru."

"Yanka dai babu, ba a yanka wa aljani," in ji Mulla. Bai rufe baki ba Bakhtawara ta matso, ta gyara mayafi, ta tsuguna kamar yadda take tsugunawa gaban mai tumatir.

"Har abada? Kai tsoho, motar ubanka ce?"

"Inna!" Ajab Gul ya kama hannunta, ta fizge.

"To kowace Alhamis," in ji muryar.

"Ko Alhamis ɗaya. Tafiya guda, a mai da kai inda aka kwaso ka."

"Sai in riƙe yarinyar."

Bakhtawara ta ƙara matsowa. Ta nuna motar da haɓa.

"Riƙe. Gobe da safe in kira masu walda su yanka ta gunduwa-gunduwa, da dawisun da komai, in bai wa masu awon ƙarfe kyauta. Sai in ga inda za ka zauna. Malam kuma yana nan, bai gaji da karatu ba."

Tsakuwa ɗaya ta faɗo, ƙarama, ba ƙarfi.

"Wannan mata," in ji muryar. "Haka Sher Zaman ya ce kike."

Mulla ya ɗaga hannu. "Rantse ka faɗi gaskiya. Alkawarinku har zuwa yaushe ne?"

"Har ƙafata ta warke."

"Ta warke?"

"Ta warke tun wannan ƙaton ɗan nasa yana goye. Sanyin jujinku ne ya tayar min da ita."

Bakhtawara ta ji ƙanƙarar ranar naƙuda ta sake sauka a wuyanta.

"To me ya zaunar da kai?" ta ce a hankali.

"Na ce zan sauka. Shi ya ce in zauna. Ya ce hanya ta fi masa daɗi da wanda ba ya magana."

Babu wanda ya dubi wani. Mulla ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Bakhtawara ta miƙe ta kakkaɓe zanenta.

"Tafiya guda," ta ce. "Ajab, ɗauko masa tsiyarsa."

Aka ɗauko kujerar daga juji, aka ɗaure ta da bisimilla. Ana ƙulle noti na ƙarshe Wagma ta sulale, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Inna, ƙishirwa." A idon kowa gefen ƙofa na kujerar ya nutse a hankali.

Washegari da la'asar inji ya tashi a bugu ɗaya. Wagma ta tsaya a ƙofar gida a kan ƙafafunta biyu. Bakhtawara ta ce ba ta taɓa biya ba tare da ta ga an auna ba, don haka ta taka taya ta haye baya. Matan unguwa suna leƙe ta saman katanga. Ba ta rufe fuska ba.

Sun isa kwanar Lowari rana na ja. Ajab Gul ya tsaya, ya yi hon, ya yi sallama. Ƙofar gefe ta buɗe da kanta. Motar ta ɗan ɗaga, kamar an sauke buhu. Ƙofar ta rufe.

Ajab Gul ya zagayo yana share gumi, yana dariya.

"An gama, Inna! Sauko ki shiga gaba. Gobe in sa miki jar."

Bakhtawara ta leƙa ta ƙaramin gilashin baya. Ga ramuka biyu a kan kujerar, kusa da juna, shekara da shekaru suna tafiya tare cikin ɗumi. Ta daɗe tana dubansu. Sannan ta ja mayafinta, ta jingina da sabon fenti.

"Tuƙa," ta ce.