Namijin Da Ke Ɗakin Awaki

Ranar da aka kori Rahimo daga gidan mijinta ba ta yi kuka ba. Tana tsaye a ƙofar ɗakin awaki, hannuwa a sake, tana kallon maza uku suna fito da gwangwanayen man zaitun da ta shuka kif, wato wiwi, a ciki, suna kifar da su ɗaya bayan ɗaya. Wata huɗu tana rainon shukar nan, tun daga ƙwayar da ta jiƙa a tsumma har ta kai mata kafaɗa, ta cire kwano guda daga rufin ta sa leda don rana ta shigo, ruwan wanke-wanke take tara mata. Yanzu ga ta a ƙasa ana takawa, ita kuwa ko a jikinta, kamar a gidan wasu ake yi.

"Ga shi nan! Ga ɗan banzan nan!" in ji Mufaddal, wan marigayi mijinta, ya ɗaga wata doguwar shuka sama yana kaɗawa. "Namiji ne, jama'a! Namiji take ɓoye mana a ɗaki! Ni na ce yaya za a yi gonata ta cika da 'ya'ya!"

"Sidi Mufaddal, ɗaya ne tak," ta ce a hankali. "Kuma a rufe yake, ko tagar ban taɓa buɗewa ba. Irin ɗan'uwanka nake so kada ya mutu..."

"Rufe mana baki, annoba! Kin cinye Ayyashi, yanzu abincin bakinmu kika juyo?"

Wayyo duniya! Marainiya ce Rahimo, ba uwa ba uba, daga wani ƙauye can gangaren Ketama Ayyashi ya auro ta. Shekara shida suka yi ba haihuwa, sai motar kasuwa ta faɗa da shi kwazazzabo. Ko takaba ba ta gama ba Mufaddal ya haɗe gonar marigayin da tasa, ya shuka sabon irin nan na ƙetare da dillalai ke kawowa, wanda aka ce duk mata ne, ba namiji ko ɗaya. Tun zuwan irin nan namiji ya zama abin ƙi a garin, domin idan ƙurar furensa ta sauka kan matan sai kan shukar ya cika da 'ya'ya, danƙon ya tsere, dillali ko kallo ba ya yi. Abin da ya rage wa Rahimo na mijinta ƙoƙo guda ne na baldiya, tsohon irin kakanni, shi kuwa iri ba ya sabuntuwa sai da namiji. Kowa ya san haka. Amma wa zai tsaya wa macen da ba ta da ɗa ba ta da dangi?

Duk wannan bai kai mata ciki ba kamar muryar da ta fito daga ɗakin tsakiya. Lalla Tamu ce, surukarta, wadda ɓarin jikinta ya shanye shekara uku ke nan. Rahimo ke juya ta, ita ke mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki, kuma a duk faɗin duniya ita kaɗai ke kiran Rahimo 'yata.

"Mufaddal... ka bar min ita... don Allah ka bar min ita..."

"Ki yi shiru, Inna, ba ki san abin da ake ciki ba."

Rahimo ta nufi ɗakin, ya tare ƙofa da hannu. Ko sallama bai bari ta yi wa tsohuwar ba. Aka jefo mata ƙunshin kayanta, ta ɗauka, ta bi hanya.

Wata tsohuwar bukka ta samu a ƙasan maƙabarta ta zauna. Da safe ta hau dutse ta yi itace, ta kai wa masu gasa burodi a bakin titi su ba ta guda biyu. Matan da suka sha shayi a gidanta, in sun haɗu a bakin rijiya sai su ja mayafi su juya baya. Ɗaya ma da ƙarfi ta ce, "Ku ɓoye mazanku, mai ajiyar namiji ta iso," aka kwashe da dariya. Rahimo ta cika tulunta ta wuce. Ba ta jin haushi, ba ta jin yunwa sosai, ko sanyi sai ta ga yatsunta sun ƙi lanƙwasa take sanin ana yi. Addu'arta ma ta koma guda ɗaya: "Ya Allah, ka sa wani ya juya Lalla." Kullum idan rana ta take sai ta tsaya bayan katangar gidan ta kasa kunne ko za ta ji tarin tsohuwar. Haka ta yi kwana arba'in.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ta Mufaddal kam ta yi 'ya'ya, buhu-buhu ma kuwa. Lokacin girbi ya yi, sai Ammi Ahmidu, dattijon da ya fi kowa daɗewa a noman kif, ya ci karo da alfadarai shida suna gangarowa da dammunan kif daga bayan dutse, inda ba wanda aka sani da gona. Ya tambayi masu kora, suka ce na Mufaddal ne. Ya zari kai ɗaya ya murza a tafin hannu, 'ya'ya suka zubo. Ya kai shi kusa da ido ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa a aljihun jallabiyarsa.

Ranar Juma'a bayan an sallame ya tsayar da jama'a.

"Mufaddal, ɗana, daga ɗakin awakin Rahimo zuwa bayan dutse tafiyar nawa ce?"

"Rabin yini... me ya kawo wannan, Ammi?"

"To namijin nata jirgi yake da shi? Wannan daga can aka yanko." Ya ɗaga kan kif ɗin. "Ku matso ku gani. Kun ga ƙananan furannin nan rawaya a tsakiyar macen? Irin ƙetaren nan in ƙishi ya kama shi, macen da kanta take fitar da namiji a jikinta. Kai ka sare dajin gwamnati ka yi gona a ɓoye, ka ja ruwan gari ka raba biyu, can bai ƙoshi ba nan bai ƙoshi ba. Gonarka ce ta yi wa kanta ciki, ka tashi ka ɗora wa marainiya!"

Masallaci ya ɗauki salati. Waɗanda lambunsu ya bushe bana suka gane inda ruwansu ya tafi, suka yi kan Mufaddal, da ƙyar aka ƙwace shi a hannunsu. Kafin mako ya zagayo ma'aikatan daji sun zo sun tafi da shi, jama'a kuma suka yanke a mayar wa Rahimo gonar mijinta da rabonta na ruwa.

Ammi Ahmidu da kansa ya gangara bukkar, mata na biye da shi suna share hawaye. "Ki yafe mana, 'yar nan, mun zalunce ki."

"Na yafe," ta ce, kamar mai amsa gaisuwa. "Lalla tana da rai?"

Tana da rai, amma ta koma ƙashi da fata, bayanta duk gyambo, domin abinci take ƙi a hannun kowa. Rahimo ta ɗora ruwa ta wanke ta tas, ta juya ta, ta dama bisara, wato faten wake, mai ruwa-ruwa ta ɗiga man zaitun, ta zauna a bakin shimfiɗa ta tallafo kanta. Tsohuwar ta buɗe ido ta daɗe tana kallonta.

"'Yata... ina kika tsaya haka? Tun ɗazu nake kiranki."

Rahimo ta ɗebo cokali ɗaya. Wani abu ya ɓalle a ƙirjinta, kuka ya ƙwace mata, irin wanda ake ji har ƙofar gida, tana yi tana hura bisarar.

"Ga ni, Lalla... ga ni na zo. Buɗe bakin."

Tsohuwar ta buɗe.