Shirwar Saman Tanki

Dab da magariba na fita kwashe shanya. Safar 'yar autata ɗaya babu. Ina ɗaga kai na hango shirwa, jelar nan a tsage, da farin abu a ƙafa, ta nufi tankin ruwan bayan mayanka.

Kowa ya san shirwa da kwasar tsumma ta shimfiɗa a sheƙa. Amma ta saman tankin nan daban ce. Bara ta ɗauke hankicin wani mahauci. Ranar da shirwoyi suka yi ƙaura, ya ajiye wuƙa ya bi su da ƙafa. Har yau shiru. Ga shi ruwa ya ɗauke, sun fara taruwa a sama, tafiya ta zo. Bana autata za su ja ke nan.

Na gaya wa mijina. Zaki ake ce masa, don cika baki. Zakin da ɓera ke hana shi shiga kicin!

"Ke dai da camfi," ya ce. "Tsuntsuwar da ke cin hanji a bola? Mu je in murɗe mata wuya."

Muna isa sai gwiwarsa ta tuna tana ciwo. "Hau, ni zan riƙe miki tsani."

Tir. Na hau.

Ƙarfe da sanyi. Ƙarnin jini na tasowa daga mayanka. Can sama ga sheƙa: ƙirare, leda, tsummoki. Ga hankicin mahauci. Ga safar autata, da ɗuminta kamar yanzu aka cire ta daga ƙafa.

Na miƙa hannu.

Iska ta tsaya.

Shirwar tana bayana. Ban ji saukarta ba. Numfashi na ji a wuyana, irin na mutum.

"Ɗauki," ta ce a hankali. "Amma gurbin ba ya kwana babu komai."

Na damƙe safar.

Ta yi kukan nan nata mai karkarwa. Tsani ya girgiza. Na leƙa ƙasa: Zaki ya saki, ya ranta a na kare. Ko waiwaye babu.

Tsani ya zame. Na rungumi ƙafar tanki na sulalo, tafin hannuna ya saɓule. Ina ƙasa na ga shirwar ta kifo kan Zaki. Fyau! Ya ci gaba da gudu, kai ba hula.

A gida na tarar yana shaida wa maƙwabta wai shi ya kore ta.

Da safe sama ta yi wayam. Autata na barcinta. Takalman Zaki na nan, shi babu, ƙofa a buɗe.

Da damina ta zagayo, shirwoyi suka dawo. Akwai wani da ke sauka kan katangarmu kullum. Ya fi kowa kuka, amma kazata na buɗe fiffike sai ya tashi ba shiri.

Autata ta ce in jefa masa hanji. Na ce ya sauko ya ɗauka, in namiji ne.