Sallamar Mai Inji Na Huɗu

Manhajar shiga da tashi ta masana'antar robobi, shugabar ma'aikatan dare ce ta haɗa ta. Ba ta karanci kwamfuta ba, akwatuna kawai ta ja ta jera a allo. Doka ɗaya ta kafa: ba mai tashi daga aiki sai ya dangwala babban yatsansa.

Daren Laraba aka ɗauke wuta, ma'aikata suka fita shan iska. Tana zaune a ofis sai warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Wani dattijo na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ji takunsa ba, alhali matakalar ƙarfen nan ko kyanwa ta hau sai ta yi ƙara.

"'Yata, ki sallame ni," in ji shi, muryar kamar daga cikin ganga. "Na gaji."

"Baba, ai ba sai ka hawo ba. Dangwala ka tafi."

"Kullum ina gwadawa. Abin naki ba ya karɓa."

Ta ja tsaki, ta buɗe jerin ma'aikata a allon hannunta. Layi ɗaya ne ja: mai inji na huɗu, ya shiga aiki wata bakwai da suka wuce, bai fita ba. Injin da aka lulluɓe da tamfol tun ranar da ta je wa iyalin mutumin gaisuwar rasuwarsa.

Dattijon ya miƙo hannun rigarsa na dama, yana lilo, ba komai a ciki.

"Nuna mini da wanne zan dangwala."