Kabarin Harry Tanna

Mun binne Mama kusa da mutumin da ba kakanta ba, muna zaton shi ne. 'Yata Rowena ce ta bi rajistar maƙabartar garin Mackay har ta samo sunan kakan, Harry Tanna. Mun manta cewa masu gonakin rake wannan sunan suke liƙa wa duk wanda aka kwaso daga tsibirin Tanna.

Daren da muka kafa masa dutse a kabari da sunayenmu a matsayin jikokinsa, ina dawowa ta cikin rake na ga wani dattijo. Ƙauri yake kamar gonar da aka ƙona. Yana taka busasshen ganye, ba ko ƙas.

"Baba, ina zuwa?"

"Gida, jikana. Ba wanda ya taɓa nemana sai ku."

"Ni ba jikanka ba ne, tsoho."

"A dutse kuka rubuta. Yarinyar ta kira ni, ita za ta raka ni."

Da safe na farfasa dutsen, na ɗauko fasto. Duk a banza. Rowena na zaune tana kallon teku, tana waƙa da yaren da ba wanda ya koya mata. In na ce "'yata", sai ta tambaye ni yaushe jirgin Tanna zai zo.