Simintin Kawu Evariste

A wajenmu jariri ba ya cika mutum sai kawunsa ya hura masa numfashi a kunne. Yayana Evariste ne ya hura wa 'ya'yana uku.

Sana'arsa a birnin Numeya ita ce kwaso baƙin kashin ƙarfen da masu narka ma'adinin nikel ke zubarwa, ya niƙa ya haɗa da siminti. Arha kam akwai, amma ruwan sama ɗaya ke rugurguza bulonsa. Shi kuwa tun muna yara idonsa na kan kuɗi.

Sai ya hau dutse wajen tsoho Poindi, boka. Kogo ne mai wari, ƙoƙunan kan mutane jere, ƙasusuwan jemage na rataye. Ya ajiye ƙyalle da taba, gaisuwar al'ada.

"Ƙasar da ake narkawa, kakanni na kwance a ciki," in ji tsohon. "An ƙona su. Ka ba su numfashi, su riƙe maka bulo."

"In mutu ke nan, Kaka?"

"Ji matsoraci! Wa ya nemi naka? Wanda ka hura wa wasu."

"Me zai same su?"

"Tambaya ta kawo ka ko arziki?"

Yayana ya miƙa garin da ya niƙa. Aka zuba garin a ƙoƙon kwakwa, ya hura sau uku.

Siminti ya kama kamar dutse. Manyan motoci suka yi layi a ƙofarsa. Har kwano ya rufa mini a ɗaki, ni sakarya ina ta godiya!

'Yata Léonie ta fara tari, tana tofar da toka. Asibiti, coci, saiwoyi, babu inda ban kai ta ba. Muka binne ta, ɗana Basile ya bi. Matar Evariste ta zare, tana manna kunne a bango wai yara na nishi a ciki.

Ranar da autata Anaïs ta soma nata tarin Evariste ya durƙusa ya faɗa mini komai.

"Yaya, koma ka karɓo!"

"Na koma, Marceline. Ya ce abin da ya shiga bango ba ya fitowa."

An rufe masana'antar simintinsa. Yanzu yawo yake da guduma, yana dukan katangun mutane yana kiran sunayen yarana.

Kai mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, ka ji da kyau: ba kai za a fara ɗauka ba, naka za a ɗauka, kana kallo. Ga Anaïs nan kwance. Ina riƙe da hannunta, yatsun sun fara tauri.