Tsohuwar Da Ba Ta Iya Karatu Ba

A wani gari can, an yi wani saurayi da mahaifiyarsa ta rasu. Kullum yakan rubuta tatsuniyoyinta a waya don kada su ɓace tare da ita. Kullum ya tura wa jama'a, kullum shiru.

Rannan wata tsohuwa ta aiko saƙon murya: "Ɗana, an ce kana rubutu, ni kuwa ban iya karatu ba. Karanta mini mana."

Abokinsa ya tuntsire da dariya. "Kai da kake neman dubu, za ka ƙarar da data kan tsohuwa ɗaya?"

Saurayin ya karanta ya tura mata. Washegari ma ya karanta.

Ranar Juma'a ta sake aikowa, ga hayaniyar mata a bayanta: "Ɗana, gobe ka ɗaga murya. Mu tara ne yanzu, tabarmar ma ta yi mana kaɗan."