Zanen da Ke Bangon Zaure

A can wani zamani, wata mata ta tare a wani tsohon gida da ke bakin hanyar kasuwa. A bangon zauren akwai wani zane da ya koɗe, ba a gane komai sai wani abu mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin abu a kansa.

Ta tambayi mahaucin unguwa, ya ce, "Ganga ce, dā gidan makaɗa ne." Ta tambayi marini, ya ce, "Ina! Tukunyar rini ce." Da abin ya ishe ta, sai ta dama farar ƙasa za ta shafe shi ta huta.

Tana cikin haka sai ga wani tsoho da sanda, leɓensa duk ya bushe. Ya yi sallama ya ce, "'Yata, ina randar?"

Ta ce, "Wace randa, Baba?"

Ya nuna zanen ya ce, "Ga ta nan da moɗarta. Muna yara, duk matafiyin da ya ga wannan ya san zai sha ruwa ba sai ya roƙa ba. Saboda ita na biyo ta nan."

Randar matar ɗaya ce, rijiya kuma da nisa. Ta shiga ta ɗebo masa, ya sha ya sa mata albarka.

Washegari ta fito da randar ƙofar gida ta cika ta, ta bi zanen da farar ƙasa har ya fito sarai.

Mahauci ya zo wucewa ya ce, "Ashe randa ce!"

Ta miƙa masa moɗa ta ce, "Sha ka ji ko ganga ce."